Daga motocin Citroën zuwa salular aljihunmu: wa ke ajiye hoton garuruwanmu?

Yau mun ajiye mikro mun ɗauki alƙalami, saboda maganar hoto sai da ido.

Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne tun tsakiyar ƙarni na 19, kakanninmu sun yi salla cikinsa. Kafin dare bidiyon faɗuwarsa ya zagaye WhatsApp da Facebook, kowa ya gani. Amma da muka tambayi juna a fada wa ke da hoton masallacin yana tsaye, da ƙofofinsa da cikinsa, sai wuri ya yi tsit. Mun ɗauki ranar mutuwarsa, shekarun rayuwarsa kuwa mun bi ta gabansa safe da yamma ba mu ɗaga salula ba. Wannan ne ya sa muka koma baya mu duba yadda ɗaukar hoto ta zo ƙasarmu, da yadda ta faɗo hannun irinmu masu yin ta don sha'awa kawai.

Da farko wasu ne ke ɗaukarmu. A ƙarshen Oktoba 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a maimakon tayoyin baya, suka taso daga Kolom-Beshar ta Aljeriya, suka ratsa hamada suka sauko Yamai, daga nan suka yi gabas ta Tasawa da Damagaram har bakin tafkin Cadi. Faransawa suna kiran tahiyar «Croisière noire». Cikin ayarin akwai mai ɗaukar sinima, Léon Poirier, da mai hoto, Georges Specht, da mai zane, Alexandre Iacovleff. Sun ɗauki sarakuna, dawaki da lifidi, ƴan mata masu rawa, da katangun fada. Lokacin nan Damagaram ce hedkwatar ƙasa, sai 1926 aka maida ta Yamai. To amma hotunan nan don ƴan kallo na Paris aka yi su, don tallar mota da tallar mulkin mallaka. Mutanen da ke ciki, in ba sarki ko babban bafade ba, ko sunansu ba a rubuta ba. Duk da haka yau muna neman su ruwa a jallo, don su ne ke nuna mana fuskar garuruwanmu shekara ɗari da suka wuce.

Ku duba Maraɗi. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon garin da ke cikin fadama, aka tada mutane aka maida su kan tudu, inda garin yake yanzu da titunansa miƙaƙƙu. Wanda aka haifa bayan nan, labarin tsohuwar Maraɗi kawai ya gada. Gari guda ya tashi, kuma kusan ba wani ɗan gari da ke da na'urar da zai tsaida shi a takarda.

Bayan haka sai zamanin studiyo. Masu hoto na farko a biranenmu galibi baƙi ne daga ƙasashen bakin teku: Dahome, Togo, Gana da ƙasar Yarbawa. Aikinsu hoton katin ɗan ƙasa, hoton lakol, hoton aure da na Salla. Labule mai zanen jirgin sama ko gidan bene a baya, furen roba a gefe, a ce maka kar ka motsa. Cikinsu akwai wanda ya fita daga ɗaki ya shiga gari: Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940, ya zauna Yamai tun gab da samun ƴancin kai. Da dare yakan ɗauki kamararsa ya bi wuraren rawa, ya ɗauki ƴan orkes da gitocinsu, samari da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, sojoji, ma'aikata ranar albashi. Abin da Malick Sidibé ya yi wa Bamako, shi Koudjina ya yi wa Yamai. Sidibé ya samu babbar lambar yabo ta Venis a 2007. Koudjina kuwa ya ƙare rayuwarsa cikin ƙunci, ya rasu a 2014. Ba don shi ba, da Yamai ta shekarun 1960 da 1970 ta zama hira kawai a bakin tsofaffi.

Mu da muka tashi a shekarun 1990, mun tarar da zamanin pelikil. Kun tuna? Hoto 24 ko 36 ne cikin gwangwani guda, ba ƙari. In babban wa ya samo ƴar kamara daga Kano ko daga Libiya, sai gida ya ɗauka. Kowane hoto sai an yi shawara kansa, don ba a gani sai an kai an wanke, wani lokaci sai an aika wani gari a jira sati. In an buɗe bayan kamara bisa kuskure, haske ya shiga, shi ke nan, Salla guda ta ƙone. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, pelikil da wankinsa suka bi sahu. Shi ya sa mai kamara ba ya ɓarnar hoto a kan bango ko kan hanya. Mutum ake ɗauka, cikin sabon ɗinki. Amma ku ɗauko albom ɗin gidanku ku duba bayan mutumin: ga zaure mai zankwaye, ga indararo na ice, ga zanen da magini ya yi da hannunsa a goshin ƙofa, ga rumbu, ga tsohuwar Peugeot 404 a gindin bedi. Abin da ya shiga hoton ba da niyya ba, yau shi ne ya fi daraja.

Haka abin yake wajen kiɗa. Zamanin Kunce, samariya da bikin matasa na ƙasa sun cika filaye da ƴan rawa da mawaƙa na kowace jiha. Gasar kokowa ta ƙasa ta soma a Tawa a 1975, kuma ba a kokowa sai da makaɗa. A 1987 aka kafa gasar Dan Gurmu ta kiɗan zamani. Muryoyin da yawa suna nan a kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo, mu da kanmu muna sa muku su. Amma hoton Sa'adu Bori yana tsakiyar fili a Maraɗi, ko Ma'azu Ɗan Alalo da jama'arsa a Damagaram, ko wata ƙaramar orkes ta unguwa a dandalin MJC, sau nawa kuka gani? Ƙalilan ne. Dare ne, fitila ba ƙarfi, filashi tsada. Wanda ya yi sa'a ya ɗauka, hoton yana cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, gara na aikinta.

Sai salula mai kamara ta zo ta sauya komai. Yanzu ɗan lakol ma mai hoto ne. Ku shiga bis daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita wajen 900 a kan gudron, ku ga yadda wayoyi ke manne da gilashi: raƙuman dawa a Kure, tsaunin Dogon Dutsi, ƴan canji a Ƙonni, buhunan albasa a Galmi, masu tallar gasasshen nama a tasha, rumbunan hatsi tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi, duwatsun da ke tarbar matafiyi a bakin Damagaram. Abin da ayarin 1924 ya yi da motoci takwas, yau ɗiyanmu suna yin sa da kuɗin mota da caji.

To ina matsalar? Biyu ce. Ta farko, hoton salula ba ya daɗewa. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko kati ya cika an goge. Mu kanmu mun yi asarar hotunan shekara uku a rana guda, ciki har da na wani wasa da makaɗinsa ya riga mu gidan gaskiya. Hoton takarda na kakarmu ya kai shekara hamsin, namu bai kai biyar ba.

Ta biyu, abin da za a ɗauka yana gudu. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa ya kawo tituna da fitilu: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An samu ci gaba, ba musu, amma rumfuna da shaguna da kusurwoyin da muka sani sun tafi. Damina kuma kowace shekara tana cin gidajen ƙasa, mai gida ya tada na siminti da kwano, kuma ba mai ganin laifinsa. Manyan gine-gine suna da masu kula: tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya soma a 1962 ya ci lambar Aga Khan a 1986. Amma zauren mai unguwarku, shagon tela, tsohuwar silima, rijiyar bakin kasuwa, ba wata hukuma da za ta zo daga waje dominsu. In ba ku ɗauka ba, ba wanda zai ɗauka.

Ga roƙonmu, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Ku ɗauki gidanku daga waje, gaba ɗayansa, kafin damina. Ku ɗauki makaɗin bikinku tare da kayan kiɗansa, ku tambayi sunansa. Ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum ko ƙofar gidan wani, musamman mata. Sallama ba ta rage komai. Kan hanya kuwa, a halin tsaron da ake ciki, shingen jami'ai da bariki da ayarin soja ba wurin hoto ba ne, ku maida waya aljihu. Cikin ɗari ku zaɓi goma ku kai a wanke muku a takarda, ku rubuta wuri da shekara a baya. Tsofaffin albom kuma a fito da su daga kwalla, a zauna da iyaye su faɗi wane ne wane tun suna nan.

Wanda ke da tsohon hoton masallacin Birni yana tsaye, ko na tsohuwar kasuwar garinsu, ko na wani wasa na da, ya aiko mana tare da bayaninsa. Za mu sa shi nan da sunan mai shi, mu kuma yi hirarsa a cikin shiri.

Allah ya jiƙan magabata, ya tsare matafiya. Sai mun ji daga gare ku.