Damisoshin Massillon: Yadda Gari Guda Ya Gina Kansa a Kan Ƙwallon 'Yan Sakandare

A garin Massillon da ke jihar Ohio ta Amurka akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada: idan aka haifi jariri namiji, 'yan ƙungiyar magoya bayan makarantar sakandaren garin sukan kai masa 'yar ƙaramar ƙwallo a ajiye masa a gado. Garin bai fi mutum dubu 32 ba, amma filin wasan makarantar yana ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 16, wato rabin jama'ar garin za su iya zama a ciki lokaci guda. Wasan da ake magana shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana ture juna. Kakarta gajera ce. Ana farawa a ƙarshen Agusta, a yi makonni 10 ana karawa mafi yawa daren Juma'a, sannan idan sanyi ya fara sauka a Nuwamba a shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Duk rayuwar Massillon a lokacin kaka tana juyawa ne a kan waɗannan makonni.

An kafa garin a 1826 a bakin kogin Tuscarawas, aka sa masa sunan wani limamin kirista ɗan Faransa, Jean-Baptiste Massillon. Da farko alkama ce arzikinsa, domin hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin kogin Ohio da tafkin Erie ta ratsa ta cikinsa. Daga baya masana'antun ƙarfe suka karɓe, suka janyo leburori daga Turai da kuma baƙar fata daga kudancin Amurka. 'Ya'yan waɗannan leburori ne suka cika makarantar Washington, sakandaren garin. Yaranta sun fara buga ƙwallo a 1891, kuma a 1894 suka fara karawa da sakandaren Canton, garin da ke maƙwabtaka da su, tafiyar 'yan mintoci a mota. Makarantar ta Canton ita ce daga baya ta ɗauki sunan McKinley. Wannan gaba tana nan har yau.

Kafin 1930 makarantar ta ɗan yi tashe, musamman a 1922 a hannun koci Dave Stewart, amma ba ta wuce sa'o'inta ba. Abin da ya sauya komai shi ne dawowar wani tsohon ɗalibin Stewart, Paul Brown, wanda aka ba aikin koci a 1932 yana ɗan shekara 24. Brown ba ƙaƙƙarfa ba ne, siririn yaro ne sa'ad da yake wasa, kuma abin da ya iya shi ne tsari. Ya tarar da ƙungiya a warwatse, fili ya lalace, gari kuma yana cikin ƙangin karayar tattalin arzikin da ta afka wa Amurka a 1929. Shekararsa ta farko ya ci wasa 5, aka cinye shi 4, aka yi kunnen doki 1. Shekara uku a jere McKinley tana lallasa shi. A gari irin Massillon wannan kaɗai ya isa a sallami mutum.

Abin da Brown ya yi a waɗannan shekaru na farko ya fi duk kofunan da suka biyo baya muhimmanci, a ganina. Ya sa ƙananan sakandaren garin su riƙa koyar da salon wasa iri ɗaya da na babbar makaranta, ta yadda yaro zai iso aji na sama ya riga ya haddace abin da ake so. Ya tsara atisaye minti-minti. Ya hana shaye-shaye da yawon dare, wanda ya karya doka kuwa ya ajiye riga ko da shi ne gwanin ƙungiya. Sai kuma a 1934 aka kafa ƙungiyar magoya baya, wadda asalinta ba ta da alaƙa da fariya. Yawancin yaran daga gidajen da uba ya rasa aiki suka fito, wasu suna zuwa atisaye da yunwa. Ƙungiyar ta riƙa ciyar da su, tana kai su gida bayan atisaye, shi kuma Brown yana zuwa taronta kowane mako yana bayyana wa mahauta da masu shago da ma'aikatan ƙarfe abin da ya faru a fili da dalilinsa. Da haka mutanen gari suka fara ɗaukar ƙungiyar makaranta a matsayin kayansu.

Sakamakon ya zo a 1935. Daga wannan shekara zuwa 1940 Massillon ta buga wasa 60, ta ci 58, aka yi canjaras 1, aka cinye ta sau 1 tak, a hannun wata makaranta daga New Castle ta jihar Pennsylvania a 1937. Ƙungiyar 1940 ta zuba maki 477 a kaka guda, abokan karawarta duka suka tashi da 6. Jimillar abin da Brown ya bari a shekara 9 shi ne nasara 80, rashin nasara 8, kunnen doki 2.

Kada a manta irin garin da ake wannan a cikinsa. A watan Yulin 1937, lokacin yajin aikin ma'aikatan ƙarfe, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan masu yajin aiki a Massillon, aka rasa rayuka. Garin da ya rabu gida biyu tsakanin masu kamfani da leburori, bayan wata biyu ya taru a benci ɗaya yana yi wa yara ihu. Ba na cewa ƙwallo ta warkar da wannan rauni. Amma da wuya a sami wani wuri a garin, in ba filin ba, da manaja da lebura, fari da baƙi, za su zauna su so abu ɗaya. Brown yana sa yara baƙar fata a wasa tun ana ganin hakan baƙon abu, kuma ɗaya daga cikinsu, Horace Gillom, ya bi shi har ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland Browns. Wani abin sha'awa, Marion Motley, ɗaya daga baƙar fatar da Brown ya ɗauka a Cleveland a 1946 aka karya shingen wariyar launi a ƙwallon ƙwararru, tsohon ɗan McKinley ne. Brown ya san shi ne tun yana ba yaransa wahala a fili.

Brown ya gane cewa wasa kaɗai ba ya cika fili. A 1938 aka kawo George Bird ya gyara 'yan badujalar makarantar, ya mayar da su masu kiɗa da taku da rawa a lokacin hutun rabin lokaci, har wasu suka riƙa zuwa kallo saboda su. A lokacin ne kuma aka fara sa ɗalibi ya shiga fatar damisa, alamar ƙungiyar, yana tsalle a gefen fili, ana kiransa Obie. A 1939 aka buɗe sabon filin wasa, wanda aka gina da taimakon shirin samar da aikin yi na gwamnatin Shugaba Roosevelt. Shi ne aka sa wa sunan Paul Brown a 1976. Kuɗin ƙofa na ƙwallo ya zama abin da ke riƙe sauran wasanni da harkokin ɗalibai.

Brown ya tafi Jami'ar Jihar Ohio a 1941, ya ci kofin ƙasa a 1942, daga nan ya jagoranci Cleveland Browns, ya kuma kafa Cincinnati Bengals. Injin da ya bari bai tsaya ba. Chuck Mather ya yi shekara 6 daga 1948 zuwa 1953, ya ci wasa 57, aka cinye shi 3. Leo Strang ya biyo da nasa tashen. Earle Bruce ya yi kaka biyu, 1964 da 1965, bai sha kashi ko sau ɗaya ba. Zuwa 1970 makarantar tana lissafa kambun jiha 24.

To, a nan gizo ke saƙa. Duk waɗannan kambuna ba a fili aka yanke su ba. A zamanin babu wasan ƙarshe. Ana gama makonni 10 sai a duba wanda ya fi burgewa, da farko bisa ra'ayin jama'a da jaridu, daga baya bisa ƙuri'ar 'yan jarida. Makarantun kudancin jihar, musamman na Cincinnati, sun daɗe suna gunaguni cewa suna ne ke yi wa Massillon aiki. A 1972 hukumar wasannin sakandare ta Ohio ta kawo tsarin sili-ɗaya-ƙwale, aka raba makarantu rukuni uku bisa yawan ɗalibai, makarantu huɗu a kowane rukuni. Massillon ta shiga ba tare da an cinye ta ko sau ɗaya a kakar ba, sai makarantar Princeton ta Cincinnati ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da ci 17 da 14.

Daga nan aka shiga dogon fari. Ta kai wasan ƙarshe a 1980 da 1982, makarantar Moeller ta Cincinnati ta doke ta duka biyun. Wasan 1982 da Chris Spielman aka yi shi, yaron da hotonsa ya hau kwalin abincin Wheaties tun yana sakandare, daga baya ya yi suna a Detroit Lions, amma bai ɗaga kofi a garinsu ba. A 2005 St. Xavier ta hana su. A tsakanin nan McKinley ta ɗauki kofin a 1981 da 1997 da 1998. Ƙarin gishiri a kan ciwo, shekaru da dama hukumar tana kawo wasannin ƙarshe na jiha filin Massillon saboda girmansa, mutanen garin suna sayar da tikiti suna share benci, baƙi suna ɗaga kofi. Masu tsokana suka riƙa kiransu zakarun takarda.

Masana'antun ƙarfe su ma sun durƙushe a waɗannan shekaru, matasa suka riƙa barin gari. Duk da haka harkokin kaka ba su ragu ba. Makon karawa da McKinley, wanda ke rufe wasannin yau da kullum, har yanzu shi ne babban mako a kalandar garin. Shaguna sukan sha fenti da tutoci ruwan lemo da baƙi, ɗalibai su ƙawata azuzuwa, 'yan badujala su zaga makarantu da tituna. Daren Juma'a a yi jerin gwano a tsakiyar gari a kunna gagarumar wuta, ranar Asabar da rana a kara. Wanda ya ci shi ke tafiya da ƙararrawar tsohon jirgin ƙasa, wadda ta zama kofin wannan gaba tun 1957, ya shafa mata launinsa har shekara ta zagayo. Karo na 100, a 1994, sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin Massillon ta ci 42 da 41. Akwai mutanen garin da za su gaya maka cewa kakar da aka ci McKinley ta yi kyau ko da an faɗi a duk abin da ya biyo baya, kuma wannan ra'ayi ne ya sa farin bai kashe su ba. Tun daga 1970 har sun riƙa hayar ɗan damisa mai rai kowace kaka suna zagayawa da shi a keji. Wannan al'ada ta mutu bayan da jihar ta tsaurara dokar ajiye namun daji, sakamakon abin da ya faru a Zanesville a 2011, inda wani mutum ya saki dabbobinsa masu haɗari cikin jama'a. Ban ga abin kewa a cikinta ba.

Irin wannan so yana da tsada. Fim ɗin gaskiya mai suna Go Tigers!, wanda ya bi ƙungiyar a kakar 1999, ya nuna iyayen da ke sa 'ya'yansu maimaita aji da gangan don su ƙara girma kafin su shiga babbar ƙungiya. Ya nuna yara 'yan shekara 17 ɗauke da nauyin gari: makarantu na neman jama'a su amince da ƙarin haraji don kada a sallami malamai, an sha kayar da buƙatar a akwatin zaɓe, kuma kowa na cewa sai yaran sun yi nasara za ta wuce. Sun ci McKinley, ƙuri'ar ta wuce bayan 'yan kwanaki. Mai kallo yana iya yin murna, yana kuma iya tambayar yadda albashin malamin lissafi ya rataya a kan ƙafar yaro. Zargin janyo 'yan wasa daga wasu garuruwa shi ma bai rabu da makarantar ba, har hukumar jihar ta hukunta ta a kansa a 2016.

A 2013 aka ƙara rukunan zuwa bakwai, Massillon ta sauka rukuni na biyu. A 2015 aka ɗauko koci Nate Moore, wanda ya ci kofin wannan rukuni tare da makarantar La Salle ta Cincinnati shekara guda kafin nan. Kakarsa ta farko ya ci 4 aka cinye shi 6. Sannan ya kai su wasan ƙarshe sau uku a jere, duka suka faɗi: Archbishop Hoban ta Akron a 2018, La Salle ɗin da ya baro a 2019, sai Hoban kuma a 2020, shekarar annobar korona, a cikin filin Paul Brown kansa, da ci 35 da 6.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2023, suka sake haɗuwa da Hoban, wannan karon a Canton, a filin da McKinley ke kira gida. Wasan bai yi armashi ga mai son ruwan maki ba. Massillon ta tsallaka layin cin maki sau ɗaya kafin hutun rabin lokaci, Hoban ta sami maki 2, daga nan 'yan baya suka riƙe wuta har aka tashi 7 da 2. Wasa 16 suka buga a kakar, suka cinye duka. Shekara 51 ke nan da fara tsarin sili-ɗaya-ƙwale, shekara 53 da kambun 1970, kuma da yawa daga waɗanda suka yi kuka a benci ranar ba a haife su ba lokacin da aka fara jira.

Mutanen Massillon suna lissafa shi a matsayin kambu na 25. Mutanen Canton sun ce na farko ne, kuma na rukuni na biyu, alhali nasu ukun a rukunin manyan makarantu aka ci su. Kaka ta gaba makarantar Big Walnut ta fitar da Massillon tun kafin wasan kusa da na ƙarshe, amma a makon goma sun riga sun ci McKinley, ƙararrawa ta ci gaba da zama a wurinsu.