Puthuppally: Mazaɓar Da Ta Shekara 53 A Hannun Mutum Ɗaya

Mai karatu, yau can kudancin Indiya zan kai ka, jihar Kerala, wadda majalisar dokokinta ke da kujeru 140. Ɗaya daga ciki ita ce ta Puthuppally a gundumar Kottayam, yankin manoman roba mai Kiristoci da yawa. Duk wanda ya bi tarihin zaɓukanta sai ya tambayi kansa: shin kujerar nan ta jam'iyya ce ko ta mutum?

Da fari dai ba ta kowa ba ce. P. C. Cherian na jam'iyyar Congress ya ci a 1957 da 1960, sannan E. M. George na jam'iyyar 'yan gurguzu ta CPI(M) ya ƙwace ta a 1965, ya maimaita a 1967. Sai a 1970 Congress ta tsayar da shugaban matasanta na jiha, Oommen Chandy, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kada George da ratar ƙuri'u 7,288. To, daga ranar ba a sake ganin wani a kan kujerar ba har ya bar duniya. Sau 12 ya ci a jere, ya kuma yi babban ministan jihar sau biyu, 2004 zuwa 2006 da 2011 zuwa 2016.

Zaɓen da ya fi jan hankalina shi ne na 1980. A lokacin Congress ta dare, ɓangaren A. K. Antony, inda Chandy yake, ya haɗa kai da 'yan gurguzu. Wato waɗanda ya kayar a 1970 su ne abokan tafiyarsa a 1980, kuma ya ci. A 1982 ya koma yana adawa da su, ya sake ci. Ni dai wannan ya ishe ni hujja cewa mutumin ake bi, ba tuta ba.

Me ya riƙe su haka? Al'adarsa ce kusan kowace Lahadi ya dawo gida daga Thiruvananthapuram, babban birnin jihar, ya je cocin St. George, sannan ya zauna jama'a su yi ta kawo masa koke, mai neman aiki da mai neman kuɗin magani, kowa da takardarsa a hannu. Kai, har gidansa na babban birni Puthuppally House ya sa masa suna. Da ya zama babban minista sai ya mayar da wannan zama shirin gwamnati yana zagaya gundumomi, abin da ya kawo wa ofishinsa lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013. Masu suka na cewa wannan ai nuni ne ofisoshin gwamnati ba sa aiki, tunda sai talaka ya ga babba da idonsa. A ganina ba su yi ƙarya ba.

Amma fa katangar ta soma tsagewa. Ratarsa ta kai 33,255 a 2011, ta sauko 27,092 a 2016 bayan badaƙalar wutar sola da ta girgiza gwamnatinsa, sannan ta faɗo 9,044 a 2021. Rikicin mallakar coci-coci tsakanin ɓangaren Orthodox, inda ya fito, da na Jacobite ya janye masa ƙuri'u, ga shi kuma tun a zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 'yan gurguzu sun kwashe mafi yawan majalisun ƙauyukan mazaɓar.

Ya rasu ranar 18 ga Yuli, 2023. Motar da ta ɗauko gawarsa daga babban birni zuwa Kottayam, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, sai da ta shafe fiye da kwana guda saboda cincirindon jama'a. A watan Satumba aka yi zaɓen cike gurbi, Congress ba ta tsaya dogon shawara ba ta tsayar da ɗansa, Chandy Oommen. Ya ci da ratar 37,719, wadda uban bai taɓa samu ba a duk zaɓukansa 12. Ni ban ɗauki wannan a matsayin farfaɗowar jam'iyya ba, ƙuri'ar ta'aziyya ce. Wanda ya fi ba ni tausayi Jaick C. Thomas ne na CPI(M), da ya sha kaye a hannun uba a 2016 da 2021, ya zo ya sha na uku a hannun ɗa.