Ƙasar Azbin: Duwatsunta, Mutanenta da Hanyoyinta



Maganarmu ta yau ta shafi ƙasar Azbin, wadda wasu ke kira Abzin ko Ayar, wato yankin duwatsun da ke arewacin Jamhuriyar Nijar. Ita dai Nijar ba ta da gaɓar teku ko kaɗan. Ƙasashe 7 ne suka kewaye ta, kuma mafi yawan faɗinta, wanda ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, hamada ce. Ƙasa irin wannan, arzikinta yana ga hanya. Abin da nake so in nuna shi ne, duwatsun Azbin su suka sa hanyar arewa ta biyu, kuma wannan hanya ta taɓa tarihin Zamfara ƙwarai.

Duk wanda ya san Dutsen Kwatarkwashi ko duwatsun Tsafe, ya san yadda dutse ke tara ruwa, ya kuma ba mutane mafaka. To, haka Azbin take, sai dai nata sun fi girma nesa ba kusa ba. Ƙololuwar da ta fi tsawo tana bisa Bagazam, mita 2,022. Ruwan sama kaɗan ne, yakan faɗi tsakanin Yuli da Satumba, ya gangaro ta ƙoramu, ya nutse cikin rairayi. In an haƙa rijiya a kwarin, sai a tarar da shi kusa. Da wannan ruwa ake noman lambu a Timiya da Iferwan da Tabelot, ana samun alkama da albasa da dabino da lemo. Da shi kuma fatake ke shayar da raƙuma.

Mutanen ƙasar su ne Abzinawa, harshensu Tamajak. Akwai makiyaya, akwai manoman lambu, akwai maƙera masu aikin azurfa. Tun farkon ƙarni na 15 ƙabilunsu suka kafa sarauta guda, wadda daga baya ta zauna a Agadas. Babban aikin Sarkin Azbin shi ne sasanta ƙabilu da tsare fatake. Askiya Muhammadu na Sanghai ya ci garin a 1515, kuma ga wannan zamani ake danganta hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27. Hausa kuwa ita ce harshen kasuwar garin.

Ginshiƙin ciniki shi ne gishiri. Kowace kaka ayari yakan tashi daga gindin duwatsu, ya ratsa rairayin Tenere zuwa Faci da Bilma, ya kai gero, ya komo da kantu da dabino. Daga nan sai a gangaro kudu, zuwa Damagaram da Kano da Katsina da Sakkwato, a sayar, a sayi hatsi da tufafi da fatu. Wato arewa na da gishiri ba hatsi, kudu na da hatsi ba gishiri, kowa na bukatar ɗan'uwansa.

Ba kaya kaɗai suka bi hanyar ba. Tarihin baka ya nuna Gobirawa a Azbin suka zauna kafin su yo kudu. Su ne, a zamanin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara wajen 1762, suka mai da Alƙalawa babban birninsu. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas, kafin shekarun da ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara.

Zuwan Turawa ya sauya al'amura. Faransa ta murƙushe tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, jama'a da dabbobi masu yawa suka halaka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya wajen teku. A 1971 aka fara haƙar yuraniyam a Arlit, abin da ya jawo shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can.

Matafiyin da ya tashi daga Gusau ko Nahuce zai bi ta Talatar Mafara zuwa Sakkwato, ya ƙetare iyaka a Illela, ya shiga Birnin Ƙwanni, sannan Tawa, Abalak, Agadas. Ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, ya canji kuɗinsa zuwa sefa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu, amma ya riƙe bargo, don sanyin dare a bisa duwatsu ba wasa ba ne. Kada ya shiga duwatsun ba jagora ɗan ƙasa, ba wadataccen ruwa. Tun tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, tsaro ya zama abin lura, sai ya nemi izinin hukuma kafin ya kama hanya.

A ƙarshe, jama'a, mun ga abin da ya faru da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023: motoci sun yi layi a Illela da Jibiya, kaya sun lalace, kasuwanni a ɓangarorin biyu sun yi sanyi. Ku da za ku riƙe ofisoshin kwastan da shige da fice da ciniki, ku sani hanyar nan ta girmi iyakar da ɗaruruwan shekaru, kuma abincin mutane da yawa yana bisa kanta.