Daga Wuri Zuwa Dala: Tarihin Canji a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A taronmu da ya wuce wani dattijo ya zo da ƙulli, ya kwance a gaban jama'a: wuri ne da anini da kwabo mai huji. Yara suka ce mene ne wannan? Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan waiwaya baya.

Kafin zuwan Nasara, kuɗin kakanninmu wuri ne. Daga tsibiran Maldibi, can cikin tekun Indiya, ake kwaso shi, ya biyo hannun fatake har ya iso kasuwanninmu. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa cikin watan Janairu na 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri 500,000 a ƙasa, biyar-biyar, ana tarawa tsibi-tsibi. A Kano a shekarar nan, wuri 2,500 shi ne riyal guda na azurfa. Nauyi gare shi, amma yana da wani alheri: da wuri kaɗan tsohuwa na sayen gishiri ko daddawa, ba mai ce mata babu canji.

Sai ga 1899, rundunar Bule da Shanuwan ta ratsa ƙasarmu da wuta da kisa, har ajalinsu ya riske su wajen Maijirgi cikin watan Yuli. Da mulkin Faransa ya zauna, aka ɗora lanho, daga baya aka ce da kuɗin Nasara za a biya. Nan dala ta shigo, wato azurfar tamma biyar. To, dala tana biyan kumandan, amma ta fi ƙarfin cefanen gida. Ƙananan kuɗin kuwa ba su isowa yadda za su wadaci mutane, don mun yi nisa da bakin teku. Saboda haka wuri ya ci gaba da yawo a kasuwannin ƙauye shekaru da dama.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ƙara tsananta abin. Azurfa ta ɓuya, kowa ya binne tasa. A 1917 hukumar Afirka ta Yamma ta Faransa ta buga ƴan takardu na rabin tamma, da tamma guda, da tamma biyu. Takarda kuwa ba ta jure gara da zufa da gobara. A 1920 ƙungiyoyin ƴan kanti na Dakar da Rufisk da Kayes suka buga nasu ƙarafuna na sanholo don ba da canji. Ku lura da wannan: irin wannan kuɗi darajarsa na tsayawa inda sunan mai shi ya tsaya. In ka yi nisa da shi, ƙarfe ne kawai ka riƙe. Wanda ya karɓi canjin ɗan kanti, tilas ya koma wurin ɗan kanti.

Mu nan, abin da ya toshe mana giɓin daga kudu ya zo. Ingilishi sun fara buga anini mai huji a 1907, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Masu kai dabbobi da fata Katsina da Kano, da ƴan ci-rani irinmu, su ne suka riƙa dawowa da anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule. Kalmar kwabo ma daga sunan jan ƙarfe take a bakin Ingilishi. Rabin kwabo kuwa aka kira shi ɗari, don da lissafin wuri aka auna shi.

Wa ya yi hasara? Wanda ya tara wuri cikin tukunya yana jiran ranar aure ko ranar yunwa. Ba a ƙwace masa ba, kasuwa ce ta daina karɓa, dukiya ta koma adon ƙwarya da kayan boka. Ranar 26 ga Disamba 1945 aka kafa kuɗin sefa, a 1948 aka fito da tamma mai kan barewa. Cikin Janairu 1994 aka rage wa sefa rabin darajarta a dare ɗaya, masu ajiya suka sake ɗanɗana abin da kakanni suka ɗanɗana.

Har yau da dala muke ƙirga: dala ashirin, dala ɗari, jikka. Har yau kuma in babu canji sai a miƙo maka alewa ko ashana, kai da ba ka nema ba. Canji kuɗin talaka ne, duk ranar da ya yi wuya shi ne ke fara ji a jikinsa.

Roƙonmu biyu ne. Na farko, wanda ke da wuri ko anini ko tsohuwar dala a gida, kada ya sayar wa maƙeri. Ya kawo a rubuta sunan gidansu, a adana don jikoki. Na biyu, ƴan ci-rani su zauna da tsofaffi wannan damina, su tambaye su nawa ake sayen tiyar gero a zamaninsu, da wane kuɗi, a wace kasuwa, su rubuto mana. In tsoho ya tafi da abin da ya sani, ba inda za mu samo canjinsa.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.