Daga Kuzar Riruwai Zuwa Gwangwan Sabon Gari

Maƙeran Kano sun daɗe da rabuwa gida biyu. Akwai maƙeran baƙi masu dukan baƙin ƙarfe su fitar da fartanya da lauje, akwai kuma maƙeran fari masu narka azurfa da tagulla da dalma, su yi zubin mundaye da zobba da kayan doki. Su waɗannan na biyun ƙarfensu sayowa suke yi, kuma sau da yawa ya riga ya yi wani aikin kafin ya iso maƙera.

Kafin zuwan Turawa, kuza daga Riruwai take fitowa, can kudancin ƙasar Kano, inda ake narka ta a zuba siri-siri kamar tsinke. Tagulla fatake ke kawowa, har Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya lissafa ta cikin hajar da ake shigo da ita birnin. A Fagge ayarin raƙuma ke yada zango, bayan ganuwa, kafin kaya su shiga kasuwar Kurmi. Azurfa kuwa kuɗi ne ake narkawa, musamman dalar nan ta Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari don saukar ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Daga nan tushen ƙarfe ya sauya. Tarago da injin da mota duk suna tsufa, abin da suka zubar kuma ya fi na ma'adini araha, shi ya sa narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Cikin abin da injuna suka zo da shi akwai wani farin ƙarfe mai laushi da ake shimfiɗawa inda sandar ƙarfe ke juyawa, don kada ta cinye. Isaac Babbitt ne ya haɗa shi a Amurka a 1839, da kuza da jan ƙarfe da antimoni, daga baya aka fito da mai arha wanda dalma ta fi yawa a cikinsa. A ido kusan ɗaya suke, a sikeli kuwa farashinsu ya yi nisa da juna.

Nan gwanintar mai saye take. Ɗan gwangwan yakan fara kai maganaɗisu, in ya kama, baƙin ƙarfe ne, a ware. Sannan ya ɗaga ya ji nauyi, ya kankare gefe da wuƙa. Dalma tana sheƙi a sabon yanka, kafin wani lokaci ta dusashe, tana zana baƙin layi a takarda, in an yar da ita ƙasa sai ta ce tim, babu amo. Kuza in an lanƙwasa ta kusa da kunne ana jin tana ƙas-ƙas. Wanda bai san wannan ba, kuɗin kuza zai biya ya tafi gida da dalma.

Dalma ba ta da wuyar sha'ani, don tana narkewa a zafin digiri 327, wutar gawayi ma ta ishe ta. Da ita ake zuba harsashin bindigar toka da nauyin da masunta ke ɗaurawa a bakin birgi. In an gauraya ta da kuza, masu liƙi su toshe bokiti da ita, su haɗa aci-balbal.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu sabon zubi, na tukwanen alminiyam, wanda ya faro daga Senegal ya bazu a Afirka ta Yamma. Ana danna tukunyar samfur cikin rairayi mai danshi a akwati gida biyu, a zare ta, a kwarara narkakken ƙarfe a gurbin. Alminiyam sai zafi ya kai digiri 660, saboda haka sai da zuga sosai. Fistin mota, tsohuwar waya, gwangwanin lemo, duk abin da 'yan bola jari suka turo a kura yana iya shiga wuta, a unguwa ko a manyan matattara irin ta Ƙofar Ruwa.

Matsalar ita ce tarkacen injin kan zo da dalma a jikinsa, ta narke ta bi tukunyar abinci. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano tana fita daga jikinsu yayin girki, musamman in abincin na da tsami. Mutanen Arewa sun ga aikin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake a can daga dutsen zinariya ta fito. Narka dalma a tsakar gida ya fi komai haɗari ga yara, domin hayaƙin da ƙurar a nan suke zama.

A yau tsohon batirin mota ne babban tushen dalma. Ƙaramin maƙeri kaɗan yake samu, don dillalai na saye da tsada su loda a manyan motoci zuwa kamfanonin narkawa da ke kudu, irin waɗanda suka taru a Ogijo ta jihar Ogun.