Kwabo Ba Launi, Kwabo Biyu da Launi: Tarihin Hotunan 'Yan Wasan Dandamali a Ingila

Wasan kwaikwayo na dandamali kan ƙare ne da zarar an saki labule. Kafin zuwan kyamara, idan ɗan wasa ya kwanta dama, tsayuwarsa da shigarsa kan bi shi kushewa. A wannan 'yar maƙala za mu waiwayi wata sana'a mai rahusa da ta ceto wani abu daga wannan asara.

A wajajen 1811 ne wani mai shago a Landan, William West, ya fara buga hotunan fitattun 'yan wasa. Akan zana hoton a jikin farantin jan ƙarfe, a buga shi da baƙar tawada, sannan masu fenti su bi takardun ɗaya bayan ɗaya suna shafa launi da hannu. Marar launi kwabo ɗaya ne na kuɗin Ingila, mai launi kuwa kwabo biyu. Da haka yaron shago ya iya mallakar Edmund Kean, wanda ya girgiza dandamalin Drury Lane a 1814 sa'ad da ya fito a matsayin Shylock, ko kuma Joseph Grimaldi, gwanin barkwanci.

Daga wajajen 1830 sai aka shiga yayin ado. Mai saye kan manna ƙyallen siliki da fata da 'yan ƙarafa masu ƙyalƙyali a kan riga da takobin ɗan wasan. Saboda haka da wuya a sami biyu da suka yi daidai, wanda kuwa shi ne ke jan hankalin masu tara kayan tarihi.

Yaɗuwar hoton kyamara daga wajajen 1860 ta karya wannan kasuwa. A 1884 marubuci Robert Louis Stevenson ya rubuta maƙala yana begen irin waɗannan takardu na ƙuruciyarsa. A 1924 kuma Gabrielle Enthoven ta miƙa tarin kayan tarihin wasan kwaikwayo da ta adana ga gidan tarihi na Victoria da Albert.

Daga ƙarshe, muna iya cewa abin da aka ɗauka kayan wasan yara ne ya zama madogarar manazarta. Muryar Kean ta tafi har abada, amma yadda yake ware ƙafa ya ɗaga takobi yana nan a takardar kwabo biyu.