Yoyon Ɗaki da Haƙƙin Ɗan Haya a Ƙasar Gaya

Gidan ƙasa ba ya jure damina uku a jere ba tare da an taɓa shi ba. A Gaya da Ajingi, kamar sauran garuruwan gabashin Kano, da tubali aka gina tsoffin gidaje, aka jera azara, aka danne da ƙasa, sannan aka shafe saman soro da makuba domin ruwa ya zame ya bi indararo. Kafin saukar ruwan fari sai an hau soro an toshe tsaga, an share indararo, an sake yaɓe bangon gabas, wanda hadari ya fi duka. A yankin Ajingi, inda ƙauyuka ke kusa da fadamun kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Haɗeja, ruwa kan ci katanga tun daga gindi.

A da, wanda ke kwana a ɗaki shi ke wannan aiki. Baƙon da ya sauka a gari, mai unguwa ko wani mai gida ke ba shi aron ɗaki, yaɓen shekara kuma shi ne tukwicinsa. Mai gida ma riba yake ci, domin ɗakin da babu mutum a ciki ya fi saurin zama kango. Ƙasa na nan a kududdufi, maƙwabta na zuwa gayya, don haka da wuya gyara ya kai gaban dagaci.

Biyan kuɗin haya ya yaɗu ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903, musamman da malaman makaranta, ma'aikatan En'e da na asibiti suka fara zama a garuruwan da ba nasu ba. Daga baya kwano da siminti suka shigo. Rufin kwano in ya huje ko iska ta ɗaga shi, sai kafinta da ƙusa da sabon falle, duk da kuɗi. Daga nan tambayar wa zai biya ta zama abin jayayya.

Alƙalan ƙasar Kano da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya yi bayanin wannan mas'ala dalla-dalla. Ba a tilasta wa mai gida ya yi gyara. Abin da aka ba ɗan haya shi ne zaɓi: idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon rufi, yana iya warware hayar ya tashi, idan kuwa ya zaɓi zama a haka, cikakken kuɗin haya na kansa. Idan ɗaki ɗaya ya rushe a cikin gidan, ana rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya rasa. An kuma halatta a yi sharaɗi tun farko cewa ɗan haya zai yi gyara da yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba a kansa. Wannan sharaɗi shi ne mafi amfani ga talaka, kuma shi aka fi mantawa da shi, domin yawancin hayar karkara da baki ake ƙulla ta, gaban shaidu biyu ko dillali.

Zaɓin tashi yana da sauƙi ne a wajen mai kuɗi. Ga malamin firamare da ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, a garin da gidajen haya ba su da yawa, cikin watan Agusta, da ƙananan yara da buhunan hatsi a ɗaki, tashi abu ne mai wuya ƙwarai. Shi ya sa akan ga iyali sun jera robobi da kwanuka a tsakar ɗaki, sun ja katifa kusurwa, suna jiran kaka. Wanda ya gaji ya kira magini da kansa ba tare da izinin mai gida ba, sau da yawa ba ya samun kuɗinsa, sai dai a ce ya yi kyauta.

Hanyar kai kuka ba ta canja sosai ba. Ana farawa da dattawan unguwa da liman, a wuce wajen mai unguwa ko dagaci. Tun bayan dawo da kotunan shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisbah a 2003, ofisoshin Hisbah na ƙananan hukumomi ma suna yin irin wannan sulhu kafin magana ta kai kotu. Matsayar da aka fi cimmawa ita ce ɗan haya ya gyara, a rubuta abin da ya kashe gaban shaidu, a cire daga kuɗin shekara mai zuwa.